Kafin ka kai kuka gidan gwamnati, fara gano mai abin

A Sakkwato in aka ɗauke wuta gwamna ake zagi. In aka rufe iyakar Illela gwamna, in kwalbatin unguwa ya toshe shi ma gwamna. Wanda ke ganin ya ɗan waye kuma sai ya juya kan sanata. Na yi aikin ƙaramar hukuma har na yi ritaya, yanzu kuma ni ke riƙe da biro a ƙungiyar ci gaban unguwarmu a Mabera, saboda haka takardun koke da yawa sun bi ta hannuna. Mafi yawan waɗanda suka mutu cikin durowa gaskiya aka rubuta a cikinsu. Abin da ya kashe su shi ne an kai su wurin wanda ba shi da iko a kan maganar. Ma'aikaci kuwa da wuya ya ce maka ka yi ɓatan kai. Zai karɓa, ya buga hatimi, ya ce za a duba.

Ga yadda nake bi in gano mai abu kafin in ɓata takarda.

Da farko sai ka riƙe rabon da tsarin mulkin 1999 ya yi, a sashe na 4 da jadawali na biyu. Akwai jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, wanda ya zo da abubuwa 68. A ciki akwai soja, 'yan sanda, makamai, kuɗi da bankuna, kwastan, shige da fice da fasfo, hulɗa da ƙasashen waje, jiragen sama, sadarwa, ƙidayar jama'a, ma'adinai da man fetur, manyan hanyoyin tarayya, da mafi ƙarancin albashi. Duk abin da ke nan, majalisar jiharmu mai mutum 30 ko ta kwana tana zama ba ta da ta cewa.

Jeri na biyu na tarayya da jiha ne tare: ilimi, wutar lantarki, bunƙasa noma da masana'antu, karɓar wasu haraji, kayan tarihi. A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran da ya ƙara jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali a wannan jeri. Kowa na iya yin dokarsa, amma in dokokin biyu suka yi karo, ta tarayya ce ke tsayawa, ta jiha ta faɗi daidai inda suka saɓa.

Na uku ba a rubuta shi ba. Duk abin da bai shiga jerin farko ko na biyu ba, na jiha ne. Nan sarauta take, da tsarin gari, da ruwan famfo, da hanyoyin cikin gari, da yawancin dokokin laifuka. Da wannan ikon ne Sakkwato ta shimfiɗa dokokin shari'ar Musulunci a 2000, kuma shi ya sa dokar haƙƙin yara da tarayya ta yi a 2003 ba ta hau kanmu ba sai da majalisar jiha ta yi tata dokar kare yara a 2021.

In ina yi wa mutanen ƙauye bayani nakan ce su ɗauka gandu ne da gayauna: akwai gonar da ake yi wa aiki da sunan gida duka, akwai wadda kowa ke nomawa don kansa. Sai dai uba ke ba ɗa gayauna, kuma yana iya karɓe abinsa. Ikon jiha ba shugaban ƙasa ya ba ta ba, tsarin mulki ne. Gwamna ba yaron shugaban ƙasa ba ne, ba ya karɓar umarni daga wurinsa kan asibitin jiha ko naɗin hakimi. Haka shi ma gwamna ba shi da ikon cire ko da masinja a ofishin kwastan.

Ƙananan hukumomi 23 da muke da su kuma jadawali na huɗu ya lissafa musu nasu: kasuwa, tashar mota, mahauta, maƙabarta, kwashe shara, magudanun ruwa da ƙananan hanyoyi, sa wa tituna suna da lambar gidaje, sai kuma sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da noma.

Wannan a takarda ke nan. A aikace ba kowa ke yawo da tsarin mulki a aljihu ba, don haka tambaya biyu nake yi, kuma da wuya su ba ni kunya: wa ke biyan albashin ma'aikatan wurin, kuma wa ke naɗa shugabansu?

Gwada da asibiti. Asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, Abuja ke biyan ma'aikatansu, Abuja ke naɗa shugabanninsu. Kukansu yana bi ta hukumar gudanarwar asibitin zuwa ma'aikatar lafiya ta tarayya. Asibitin Ƙwararru, da na mata da yara na Maryam Abacha, da na ƙashi da ke Wamakko, da manyan asibitocin ƙananan hukumomi, waɗannan na kwamishinan lafiya ne. Ɗakin shan magani na mazaɓa kuma yana tsakanin ƙaramar hukuma da hukumar lafiya a matakin farko ta jiha. Haka makarantu: Jami'ar Danfodiyo da Kwalejin Gwamnatin Tarayya na Abuja ne, Jami'ar Jihar Sakkwato da kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi na jiha. In malaman jami'ar tarayya suka tafi yajin aiki, zanga-zanga a ƙofar gidan gwamnati wahalar da ƙafa ce kawai.

Hanya ta fi rikitarwa, domin kwalta ba ta da tambari. Wadda ta tashi daga Sakkwato zuwa Gusau har Funtuwa da Zariya ta tarayya ce. Haka ta Illela, haka wadda ta bi Tambuwal zuwa Jega. Akwai kwanturolan ayyuka na tarayya a cikin garin nan, akwai kuma ofishin hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA, su ake rubuta wa. Titunan cikin birni na ma'aikatar ayyuka ta jiha ne. In gwamna ya gyara hanyar tarayya, ya yi ne don ganin dama, ba lallai a mayar masa da kuɗinsa ba.

In kuwa aikin da aka fara aka watsar ne ke damunku, kada ku rubuta komai sai kun je kun karanta allon da aka kafa a wurin. Mutane na wuce shi kullum ba sa dubawa. Allon nan yana faɗin sunan aikin, da ɗan kwangila, da hukumar da ta ba da aikin, a ƙasa kuma wani lokaci da manyan baƙaƙe sunan ɗan majalisar da ya kawo shi. Layin hukumar da ta ba da aikin shi ne abin nema. Ɗan majalisa sa aikin ya yi cikin kasafi, kuɗin kuwa a hannun wata ma'aikata suke, kuma sau da yawa ma'aikatar da ba ka zata ba, sai ka ga hukumar raya kogi ce ta ba da kwangilar fitilun titi. Ɗauki hoton allon da waya tun yana tsaye, don iskar bazara ko masu neman itace ba sa barinsa ya daɗe.

Maganar 'yan majalisa tana son a tsaya a kanta. Muna da sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 11. Aikinsu doka, kasafi, da bin diddigin ma'aikatun tarayya. Biyu daga cikin sanatocin da aka zaɓa a 2023, Aliyu Magatakarda Wamakko da Aminu Waziri Tambuwal, tsofaffin gwamnoni ne, kuma ina ganin wannan ya ƙara sa jama'a na kai wa kujerar sanata kukan da na gidan gwamnati ne.

Wata damina iska ta yaye rufin azuzuwa a firamaren da jikokina ke zuwa. Muka taru a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, kwanon rufin na jingine da bango an ɗaure shi da igiya kada yara su yanke. Wani dattijo ya ce mini, "Malam, rubuta ma sanata, shi ad da kuɗɗi." Na ce, "Baba, in ya ga dama zai taimaka, in bai yi ba kuma ba mai tuhumarsa. Akwai wanda aikinai ne." Abin da muka yi shi ne hedimasta da shugaban kwamitin kula da makaranta suka sa hannu a takarda ɗaya, da hotuna da yawan yaran da ke zaune a ƙasan bishiya, aka kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, aka aika kwafi ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wani kwafin ga ɗan majalisar jiha mai wakiltarmu. Injiniya ya zo ya auna, makarantar ta shiga jerin gyara, kafin nan iyaye suka yi karo-karo aka rufe aji ɗaya.

Dalilin bin wannan hanya shi ne yadda kuɗin firamare ke tafiya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, amma jiha ba ta taɓa kuɗin gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsu daga aljihunta. Albashin malaman firamare kuma daga kason ƙananan hukumomi ake cirewa. Ka ga makaranta ɗaya, hannu uku. Tambayar da ta dace a yi wa ɗan majalisar jiha ita ce: jiha ta biya nata kason na bana?

Tsaro ne inda wannan rabo ya fi ciwo, kuma duk wanda ke da dangi a Isa, Sabon Birni, Goronyo, Rabah ko Tangaza ya san abin da nake nufi. Ana kiran gwamna babban jami'in tsaron jiha, amma sashe na 214 na tsarin mulki yadda ya zo a 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar, ba a kafa wata. Sashe na 215 ya ba gwamna damar ba kwamishinan 'yan sanda umarni, sannan ya ba kwamishinan damar cewa sai an miƙa maganar ga shugaban ƙasa ko minista kafin ya aiwatar. Sojojin Runduna ta 8 da ke barikin Giginya daga hedikwatar soja suke karɓar umarni. Lasisin bindiga ma na tarayya ne. Shi ya sa rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Ahmed Aliyu ta kafa a 2024 take matsayin mai taimaka wa jami'an tarayya, irin makaman da za ta riƙe kuma ba jiha ke yankewa ba.

Wannan bai wanke gwamna ba, kuma ba na son a fake da shi. Raba kukan gida biyu. Abin da za ku nema a wurin jiha: motoci da mai da alawus ga jami'an da ke yankinku, 'yan rundunar jiha, gyaran hanyar da ke hana kai ɗauki, abinci da matsuguni ga 'yan gudun hijira ta hukumar agajin gaggawa ta jiha, ladabtar da basaraken da aka samu da hannu. Abin da za ku nema a wurin sanata da ɗan majalisar wakilai: su tayar da maganar a zauren majalisa da sunan garinku, su matsa a kafa sansani ko a ƙaro jami'ai, su kira shugabannin tsaro su yi bayani. Masu son 'yan sandan jiha kuma su sani gyaran tsarin mulki ne, yana bukatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Ke nan ɗan majalisar jiharku ma yana da ƙuri'a a ciki, ku tambaye shi inda ya tsaya.

Sai fili. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A cikin birni shi ke sa hannu a takardar mallaka, kuma sayar da fili mai irin wannan takarda na bukatar amincewarsa. A karkara ƙaramar hukuma ke ba da takardar mallaka ta gargajiya. Takardar mai unguwa ko ta hakimi shaida ce mai amfani, amma ba ta kai waɗannan ba. In gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta sani ta abin da ka yi a kan filin ce, gini, rijiya, itatuwa, amfanin gona. Saboda haka ranar da masu ƙiyasi za su zo kada ka aika yaro, ka tsaya da kanka a ƙirga kowane mangwaro. Ko aikin tarayya ne, kamar babbar hanyar da aka fara daga Illela zuwa Badagry a 2024, ƙwace filin ta hannun gwamna yake bi, don haka ma'aikatar filaye ta jiha na cikin waɗanda za ka nema.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuma labari ya sauya. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Kalambaina, da duk wani ma'adini da ke cikin gonarka, sashe na 44 na tsarin mulki ya ce na gwamnatin tarayya ne. Lasisin haƙa daga ofishin rajistar ma'adinai na tarayya yake fitowa, gwamna ba ya bayarwa, hakimi ba ya bayarwa. Amma in baƙi suka zo maka da takarda daga Abuja, dokar ma'adinai ta 2007 ba ta bar ka hannu rabbana ba: ana neman yardar mai fili, ana biyansa kuɗin hayar ƙasa da diyyar abin da aka ɓata, kuma kamfanin da zai yi haƙa sai ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin. Kada ka dangwala yatsa a takardar yarda sai wanda ka amince da shi ya karanta maka ita.

Sauran na yau da kullum ba sa bukatar dogon bayani. Iyakar Illela da Ƙonni ta tarayya ce: Abuja ta rufe ta a Agustan 2019 ta buɗe a Disamban 2020, ta sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023 ta buɗe ɓangarenmu a Maris na 2024, duk ba da shawarar majalisar jiha ba. Madatsar ruwa ta Goronyo tana hannun hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, ta tarayya, amma tace ruwan da turo shi famfonka aikin hukumar ruwa ta jiha ne. Kujerar Hajji hukumar alhazai ta ƙasa ke rabawa jihohi, kai kuma a hukumar jin daɗin alhazai ta jiha kake biya, can kake bin ragowar kuɗinka. Fasfo da lambar zama ɗan ƙasa na tarayya, takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 tarayya ta yanke a 2024, biyan ma'aikacin jiha kuwa sai jiha. Aure, saki da gado suna kotunan shari'a na jiha, ƙarar hukumar tarayya kuma galibi sai Babbar Kotun Tarayya. Wuta: kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ke kula da mu tare da Kebbi da Zamfara, shi ake fara rubuta wa, in ba a warware ba a wuce zauren sauraron koke na hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC. Tun 2023 jiha na iya yin dokarta ta karɓi ragamar lantarkin cikinta, kamar yadda Enugu da Ekiti da Ondo suka fara a 2024, to daga ranar da jiha ta karɓa hukumarta ce mai sauraron kuka.

In an ce maka babu kuɗi, ka san yadda ake rabon. Daga asusun tarayya, bayan an cire kashi 13 cikin 100 na jihohi masu arzikin mai, tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60. Ana zaman rabon kowane wata, kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa na wallafa abin da kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma ta samu. Sa wani yaro mai waya ya nemo maka na ƙaramar hukumarku kafin ka shiga ofishin ciyaman. Shekara da shekaru kuɗin ƙananan hukumomi na bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha ke riƙe da shi, wanda duk mu da muka yi aiki a can mun san abin da yake nufi ga ciyaman. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Hukunci ne mai kyau, sai dai tsugune ba ta ƙare ba, tunda har yanzu hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen ciyaman da kansila, gwamna kuma ke naɗa 'yan hukumar. A ganina muddin haka ne, ciyaman zai fi jin tsoron wanda ya ba shi tikiti fiye da wanda ya zo da takardar koke. Duk da haka ka rubuta masa, domin kwata da shara da kasuwa shi doka ta sani.

Takardar kanta kada ta wuce shafi ɗaya. Matsala ɗaya a takarda ɗaya. In kun haɗa ruwa da wuta da makaranta kun ba kowane ofishi damar cewa na wani ne. Rubuta ta zuwa ga muƙami, babban sakatare ko darakta ko kwanturola, saboda mutum na tashi kujera na nan. Faɗi wurin daidai, da ranar da abin ya faru, da abin da kuke so a yi. Bar kirari da dogon yabo. Sa hannun mai unguwa da limami da shugabar mata ya fi sunaye ɗari da mutum ɗaya ya rubuta da biro ɗaya. A ƙasa jera waɗanda aka ba kwafi, kuma ɗan majalisar da za ka ba ya dace da matakin: maganar jiha ɗan majalisar jiha, maganar tarayya ɗan majalisar wakilai ko sanata. Kai ta ofishin rajista da kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka, ka tambayi sunan teburin da za ta je.

In aka yi shiru, aika tunatarwa ka manna kwafin mai hatimi. In shirun ya yi tsawo, Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a tana da ofishi a Sakkwato, ba a biyan ko kwabo, kuma tana da ikon bincikar ofisoshin tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma duka. In kuma bayani kuke nema, kamar nawa aka ware wa wani aiki da wa aka ba kwangilar, ku rubuta a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa ko ta faɗi dalilin ƙi a rubuce. Ku ambaci sunan dokar da shekararta a kan takardar, ku kuma rubuta sunan aikin kamar yadda yake a allon da kuka ɗauki hotonsa.